Shafukan da na sa ƙanwata ta gyara

Daga admin: wata ƴar'uwa ce daga Damagaram ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta rubuto.

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah shawararku nake nema, kuma kafin Juma'a nake buƙatarta, saboda ranar Juma'a za a zo a tafi da yarinyar da zan ba ku labarinta. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na yi ƙoƙarin taƙaita shi ya ƙi. Sunayen da zan faɗa ba nasu ba ne.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Zinder, a Kara-Kara nake aure, ƴaƴana uku. Mu biyu iyayenmu suka rasu suka bari, ni da ƙanwata, zan kira ta Rakiya. Yau kwana talatin da shida da rasuwarta. Wajen haihuwa ta tafi, ita da abin da ke cikinta, ta bar ƴa guda, Nana, mai shekara shida. Tun ranar sadakar uku Nana tana hannuna. Mutane suna ta yaba mini haƙuri da tawakkali, ni dai na san ba haƙuri ba ne, kukan ne bai zo ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwa, amma kamar wata ce take yin abubuwan ni ina gefe ina kallonta.

Rakiya marubuciya ce, irin masu sa labari a gurup kullum shafi ɗaya. Wataƙila akwai waɗanda suka karanta ta a cikinku, shi ya sa ba zan faɗi sunan littafi ko ɗaya ba. Tun tana budurwa take cika kaye, wato littafin rubutu, da labarai, da ta yi aure aka tura mijinta aiki Takieta, ba dangi ba ƙawaye, sai ta riƙe rubutun da gaske. Ni ba na rubutu, aikina duba mata. Da safe za ta turo mini shafin ranar, in karanta idan yara sun fita hutu, in yi mata saƙon murya in ce gyara nan, cire can, sai bayan la'asar ta sa wa mutane. Shekara biyar muna haka, kusan shi ne ma zumuncin namu, don zuwa Takieta sai da dalili.

Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri da labarin da hankali ba zai ɗauka ba. Yarinyar da mota za ta buge ta farka a asibiti ta tarar mai motar saurayi ne ɗan masu hali, namijin da zai suma don budurwa ta harare shi, ƴar ƙauyen da za ta shigo birni yau, jibi tana ba direba umarni da Faransanci, duk ni na kore su daga littattafan Rakiya. Akwai ranar da ta tura jarumarta Yamai da safe, ta dawo da ita ta ɗora tukunyar rana, na ce ke a wace mota, faɗa mini ni ma in hau. Har suna ta sa mini, Madam Ba-zai-yiwu-ba. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye muku ba. Idan masu karatu suka rubuta mata cewa labarinta kamar a gidansu aka yi shi, sai in ce a raina aikina ne.

Littafinta na ƙarshe ta fara shi ne lokacin da cikin nan yake ƙarami. Labarin wata mata ce da take auren mutumin da kowa yake yabo. Ba ya duka, ba ya zagi, ba abin da gidan ya rasa. Abu ɗaya ne, idan aka ɓata masa rai sai ya ɗauke magana, ba kwana ɗaya ko biyu ba, sati biyu, sati uku, kuma ba zai faɗi laifin da aka yi ba. Yadda ake ganewa, idan ya dawo daga aiki yana ɗora hularsa a kan tele. In ya kife ta, lafiya. In ya ajiye ta bakinta yana sama, to ba magana a gidan, ba a gaishe shi, ba a tambayarsa, uwa da ƴa ma sai da raɗa a kicin. Idan baƙo ya yi sallama zai yi ta raha, har ya kira matar da sunan tsokana ya ce ta kawo ruwa, baƙon yana fita shirun ya dawo inda yake.

Da na karanta dariya na yi. Na ce mata wane namiji ne zai yi sati uku a gidansa bai ce a miƙo masa gishiri ba, namijin da muka sani in ya yi fushi faɗa yake yi, ko ya fita fada wurin abokansa ya sha shayi ya huce. Na ce hular nan kuwa wasan kwaikwayo ce, ta cire ta tun ba a yi mata dariya ba. Ta rubuto, "To Yaya." Kafin la'asar ta turo shafin a gyare, mijin ya shigo yana faɗa.

Bayan wasu satuttuka ta sake turo wani shafin irinsa, kamar ta manta mun canza mutumin. Ƴar gidan mai shekara biyar ta rugo ta rungume ubanta a gaban baƙi, hannunta da miya, ta ɓata masa farar riga. Bai dake ta ba, bai ce komai ba, kwana goma sha biyu ya yi yana gaba da ita. Kullum da safe yarinyar za ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ya raɓa ta ya wuce. Wannan karon ba dariya na yi ba, faɗa na yi mata. Na ce masu karanta ki iyaye ne, ba uban da zai yi gaba da ƴar cikinsa mai shekara biyar, kin mayar da mutum dodo, ba wadda za ta yarda. Shi ne karo ɗaya da ta ja da ni. Ta rubuto, "Ko da a ce an taɓa yi, Yaya?" Na ba ta amsar da na saba ba ta, na ce ba duk abin da ya taɓa faruwa ne yake shiga littafi ba, sai wanda mai karatu zai karɓa. Lokacin ina ganin na faɗi maganar ilimi. Ta cire shafin.

Na uku shi ne na ƙarshe, lokacin ana babban hutu. Matar tana da ciki, ƙafafunta sun kumbura, kanta yana sarawa, idonta yana ganin dishi-dishi. Tana son zuwa awo, amma shirun ya shiga sati na uku, ba ta fita sai da izininsa, kuma ba halin tambaya. Sai ta rubuta a takarda ta sa ƙarƙashin kwanon abincinsa. Ya ci, ya ɗaga kwanon, ya ga takardar, ya mayar da kwanon a kai ya tashi. Abin da na ce mata a kan wannan shafin zan faɗa muku duka, ba zan rage wa kaina komai ba. Na ce da farko ta bayyana mini yadda aka yi cikin ya shiga tunda ba a magana, ina faɗa ina dariya. Sannan na ce a zamanin nan ba macen da za ta zauna da ciwo ga waya a hannunta, ita ba ta da ƴar'uwa ne, ki ba ta yaya mai hankali ta kira ta mana. Rakiya ta turo mini hoton fuskar nan mai dariya da hawaye. Ba ta sake turo irin shafukan ba.

Don haka littafin da mutane suka karanta daban ne. A cikinsa mijin masifaffe ne, ya mare ta sau ɗaya, ta yi yaji, manya suka zauna, ya ba da haƙuri, ya zama mutumin kirki, da ciwo ya kama ta shi da kansa ya sa ta a mota. Masu karatu sun so shi ƙwarai, suna ta cewa haka maza suke, sai an nuna musu. A nan labarin ya tsaya, suna hanyar asibiti, ba ta ƙarasa ba.

Wata safiya mijinta ya kira maigidana ya ce sun taho da ita asibiti nan Zinder, jijjiga ta kama ta. Kafin in isa an rufe mata fuska. Na ji wata ma'aikaciya tana duba katin awonta tana cewa wata biyu ba ta zo ba, na ji da kunnena amma bai shiga kaina ba. Mijin yana zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro, maza biyu suna riƙe da shi. Kowa ya tausaya masa, har da ni. Shekara bakwai ban taɓa jin kansu ba, in na je gidan shi ne mai tsokanata, shi ne mai raka ni tasha.

Ranar sadakar bakwai ya roƙi Baffanmu, ƙanin mahaifinmu da yake noma a Garagumsa, wanda shi ya ba da auren Rakiya, cewa bayan arba'in a mayar masa da Nana, ita kaɗai ta rage masa, yayarsa da mijinta ya rasu za ta zo ta zauna da su. Baffa ya amsa masa a gaban mutane. Da aka faɗa mini ban ga wani aibu a ciki ba.

Kwana huɗu bayan nan, da rana, maigidana ya dawo ya cire hularsa ya jefa kan kujera kamar yadda ya saba, ta faɗi bakinta yana sama. Nana suna wasa da yarana a tsakar ɗaki, ita ce ma mai babbar murya. Sai na ji ta yi tsit. Ta toshe wa autana baki da hannunta, ta ja shi, ta yafito sauran biyun, ta shige da su bayan ƙofa. Na bi ta na ce lafiya, ta nuna mini kujerar, ta kawo bakinta kunnena ta ce, "Inna, yau ba a magana." Maigidana bai san abin da ake ciki ba, ya kira ta yana dariya ya ce ta zo ta karɓi alewa. Kallon da ta yi masa, ta kalli hular, ta sake kallonsa, ba zan iya kwatanta muku ba.

Shinkafa nake wankewa lokacin. Na koma na ƙarasa wankewa, na ɗora, na yi miya, na zuba wa kowa. Da suka fita na buɗe wayata na koma baya. Komai yana nan, shafukan farko da ba wanda ya gani sai ni, kowanne da muryata a ƙarƙashinsa. Na saurare su ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshen ana jin ina tauna gyaɗa ina magana. Na zaci a nan kukan zai zo, bai zo ba, na ajiye wayar na tashi na kwashe shanya.

Nana na tambaye ta sau ɗaya kawai, a hankali, ina yi mata kitso. Ta ce in hula ta kwanta haka Mama ma ba ta magana, sai Baba ya juya ta. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin yadda ake kunna murhu a gidansu, ba ta san wani abu ba ne. Maganar riga da miya ban tambaye ta ba. Ina tsoron in sa mata magana a baki, kuma gaskiya ina tsoron abin da za ta ce.

Na faɗa wa maigidana, na nuna masa shafukan. Mun yi sa-in-sa, abin da ba mu saba ba. Shi a ganinsa mutumin da yake shiru in ya yi fushi ya fi mai duka, kuma labari ba shaida ba ne, ya tuna mini Rakiya ta taɓa rubuta saurayi mai jirgin sama na kansa, ya ce shi ma gaskiya ne? Ya ce in ina son riƙon Nana shi ba ya ƙi, inda uku suka ci huɗu za su ci, amma ba zai bi ni in je in tuhumi mutumin da ya binne mata da ɗa rana ɗaya da labarin waya ba.

Asabar da ta wuce na hau mota na tafi Garagumsa. Na tarar da Baffa a gona ana ɗaure gero, muka zauna a inuwa. Ban yi masa maganar littafi ba, don bai san ma ana irin wannan ba, na ce dai ina da labarin zaman Rakiya ba daɗi, a bar mini yarinyar. Ya tambaye ni ko mijin yana dukan Rakiya, na ce a'a. Ko ya hana ta ci ko sutura, na ce a'a. Sai ya ce, "Ke ce uwarta ke ce yayarta. Ta taɓa kawo miki ƙara?" Na buɗe baki ban san wace amsa ce gaskiya ba. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin a'a. Ya ce shi ya riga ya ba da magana a gaban mutane, ba zai janye ta a kan an ce ba, in ina da hujja in kawo ta ranar arba'in a gaban kowa, in babu in bar wa mutum ƴarsa.

To ga inda nake. Hujjar da nake da ita labari ne, sunayen ciki ma ba nasu ba ne. In na karanta shi a gaban maza na tona abin da ita mai shi ta lulluɓe da hannunta har ta koma ga Allah, kuma akwai maganganun ɗaki a ciki da ba su kamata kunnen Baffa ya ji ba. Duk wanda ya so ƙaryata ni ba zai sha wahala ba, zai buɗe gurup ya nuna littafin da ta sa da kanta, inda ba hula ba shiru, kuma ni na san dalilin da ya sa babu su. In aka ce tunda kin gani me ya sa ba ki yi magana tun tana raye ba, sai dai in kunna musu muryata.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ban san iya inda gaskiyar ta tsaya ba. Hula gaskiya ce, na gani da idona. Kwana goma sha biyun fa? Takardar ƙarƙashin kwano fa? In takardar gaskiya ce, to mutumin nan ya ga tana neman asibiti ya mayar da kwano a kai, kuma wurinsa zan miƙa ƴarta. In kuma ƙari ne irin na marubuta, don Rakiya ta iya ƙari, to na ɗora wa bawan Allah mutuwar matarsa, kuma sai na amsa wannan gobe kiyama. Shekara biyar ina taƙama na san abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, yanzu na karanta shafukan nan ya fi a ƙirga, ban iya raba ko layi ɗaya ba.

Mijin Rakiya kuma bai canza ba. Shekaranjiya ya kira ni, ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini godiyar ɗawainiya, ya tambayi lambar takalmin Nana, wai ya sa sunanta a lakwal can, an riga an koma. Na ba ta wayar, ta yi ta tsalle tana Baba Baba. Tana son ubanta, wannan ma ba zan ɓoye ba. Ina sauraron muryarsa ina neman wani abu a ciki da zai tabbatar mini, ban ji komai ba, muryar mutum ce kawai. Masu karatun Rakiya kuma suna ta turo mini saƙo, bayan ta'aziyya sai su ce tunda ni ce mai duba mata in ƙarasa musu labarin, suna son su ga an haihu lafiya. Ban amsa wa ko ɗaya ba.

Na yi tunanin in roƙi uban riƙon Nana kawai har ta gama firamare ba tare da na faɗi dalili ba, amma ya riga ya ce ita kaɗai ta rage masa, kuma kowa zai goyi bayansa. Na yi tunanin in same shi shi kaɗai in nuna masa shafukan, sai na ji tsoron in ya yi fushi ba ni zai yi wa shirun ba, kuma zai iya rufe mini ƙofar gidan gaba ɗaya. In akwai malamai a cikinku su faɗa mini abin da addini ya ce a kan wanda ya fi cancanta da riƙon yarinya irin wannan, da kuma ko akwai zunubi in na buɗe abin da mamaciya ta ɓoye. In akwai wadda ta taɓa zama a gida irin wannan, ko ta tashi a cikinsa tana yarinya, ita nake fi son ji, ta faɗa mini yadda yaro yake fita daga ciki. Ba sai kun ce mini ba laifina ba ne, maigidana ya faɗa, ban ji komai ba da ya faɗa.

Tun da aka ce wa Nana Juma'a za ta tafi, bakinta bai huta ba. Daga ta farka take farawa, labarin kaji, labarin ƙawarta, waƙar da ta koya, tambaya a kan tambaya, ko tana cin abinci tana yi, har yarana sun fara kawo ƙara. Ɗazu ina gyaran kayen ɗalibai ta zo ta tsaya a kaina tana zuba, na gaji na ce ke Nana ki huta mana, bakin nan ba ya ciwo? Ta ce, "Inna ki bari in gama, ai ranar Juma'a zan koma gida."

Na ce ta ci gaba. Tana nan kusa da ni yanzu haka tana yi. Ƴan'uwa, saura kwana huɗu, don Allah ku faɗa mini, in buɗe wayar nan a gabansu, ko in haɗa mata kayanta?